Waɗanda Suka Ƙi Rusunawa

Shekara talatin da ɗaya ana cewa ina da hannu. A ɗakin gwaji babu yabon da ya kai wannan. Ɗalibi zai yi mako guda yana fama da roba tana ƙin yi masa, sai a ce ya je wurin Mama. In karɓi rezar, in yanka, in ɗora, a kunna fitila, abu ya fito yadda aka rubuta a takarda. Ni kuwa in goge yatsuna a jikin farar riga in koma kujerata ina basarwa, kamar ban ji daɗi ba. Da wani aka yi wa irin wannan kirari, da ni ce ta farko da zan ce a kawo littafin aikinsa mu gani. Da yake ni ce, ban tambaya ba.

Robar tamu ba irin ta bokiti ba ce. Laushi gare ta kamar fatar kunnen jariri, launinta ruwan lemo. A cikinta akwai wani sinadari da yake murɗewa idan haske ya taɓa shi. Mukan zuba ta a kan gilashi ta bushe ta zama falle, sai in yanko ta sili-sili, kowanne tsawon gaɓar yatsa, sirara kamar ɓawon albasa. A maƙale kan silin a jikin ƙarfe, a haska masa shuɗiyar fitila, sai ka ga ya rusuna wajen hasken a hankali. A canza zuwa koriyar fitila, ya miƙe. Kyamara tana gefe tana auna kusurwar da ya yi. Tagogin ɗakin an liƙe su da baƙar takarda, fitilar rufi kuma rawaya ce, ita kaɗai ce ba ta tayar da robar. Duk wanda ya shigo, komai ƙoshin lafiyarsa, sai ya yi kama da mai ciwon shawara.

Mijina shi ne mai lissafin. Ɗalibai suna kiransa Mai Alli a bayan idonsa, domin har kwamfuta ta cika ko'ina bai yarda da abin da bai fara rubutawa a allo ba. Ni Malam nake ce masa, gida da ofis, shi kuma ya ce mini Mai Reza. Bai taɓa yanka sili ko ɗaya ba. Na haramta masa ɗakin tun ranar da ya ɗora kofin shayi a kan fallen da na yi kwana huɗu ina jira ya bushe. Aikinsa shi ne ya faɗi abin da zai faru kafin a kunna fitila: ka ba shi kaurin sili, da ƙarfin haske, da yawan sinadari, ya ba ka kusurwa. Layi biyar ne lissafin duka. Shi ya faɗa, ni in gwada. A takardun da muka buga, layinsa yakan ratsa ta tsakiyar ɗigo-ɗigon awona kamar tare aka haife su. Masu son ƙera ƙananan murafu da za su riƙa buɗe wa magani hanya da haske suna ambaton layi biyar ɗin nan a takardunsu. Sunan da Malam ya yi a duniya ke nan, ba shi da wani.

Bara waccan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo rabi da rabi, hannun bai dawo ba. Sai sashenmu ya yanke shawarar a yi taro a sa wa ɗakin gwajin sunansa, a kuma fitar da takarda ta ƙarshe, da sababbin awo masu yawa da za su ƙara tabbatar da lissafinsa. Kowace yamma in na dawo gida nakan tarar da shi a baranda, ya ɗaga gira, ma'ana ina aka kwana. In ce ana kai.

Dakta aka ba aikin. Mace ce 'yar shekara arba'in, ba ɗalibarmu ba ce, a wani wuri ta yi karatu. Tafiya take kamar an biyo ta, kuma ba ta tauna magana. Ta zo da inji mai yanka sili ɗari biyu a zama ɗaya, ya jera su, ya haska su, ya auna su, babu mai taɓawa. Awon farko ya fito, ɗigo-ɗigo sun watse a takarda kamar an zubar da wake a tsakar gida. Kashi biyu suna kan layin Malam, kashi ɗaya sun kama gabansu.

Wata uku na yi ina ɗora wa injin laifi. Na ce wuƙarsa tana jan roba. Ta canza wuƙa. Na ce fitilarsa tana zafi. Ta sa masa fanka. Na ce injin nan dai ba shi da tarbiyya, ba ya bambance na gari da na banza. Ta yi dariya ta ce to Mama, ke ki koya masa. Ta roƙe ni in yi aikin da hannu tun daga farko tana kallo, ta yi alkawarin ba za ta sa baki ba.

Da hantsi ne, ranar Talata. Na shimfiɗa falle, na yanko sili goma sha biyu. Sannan na yi abin da nake kira gaisuwa, abin da na yi sau dubbai ban taɓa rubuta shi a wata takarda ba, domin ban ɗauke shi aiki ba. Nakan ɗauki kowane sili da hantsaki in nuna shi ga wata 'yar shuɗiyar tocila. Wanda ya rusuna da kyau ya hau faranti, shi za a auna. Wanda ya yi nawa, ko ya karkace gefe, in sa shi a baƙar ambulan, in rubuta kwanan wata da lambar falle da ɓangaren da na yanko shi da iya kusurwar da ya yi, in jefa a gwangwani. Takwas suka hau faranti.

"Mama, waɗannan huɗun fa?"

"Marasa kyau ne."

"Me ya same su?"

Na ce ƙura ce, ko kumfa, ko bakin reza. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta duba, ta matsa ta ba ni wuri. Na cire tabarau na leƙa. Sumul suke. Ko tabo babu.

"To ta yaya kika san marasa kyau ne?"

A hankali ta tambaya, ba da cin fuska ba. Na buɗe baki, amsar tana nan a shirye a kan harshena, kuma sai da na ji ta kafin in faɗe ta: saboda ba su yi yadda Malam ya ce ba. Na rufe bakin. Na ja kujera na zauna.

Ta tambaye ni ko ina zubar da su. Na ce ni ko zaren buhu ba na zubarwa. Na nuna mata kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo. Gwangwanayen biskit ne guda bakwai, shaƙare.

Ina da mafita idan ina so, kuma na neme ta. Roba ta shekara ashirin ba shaida ba ce, ta tsufa, ta canza. Amma ba robar Dakta take buƙata ba. Rubutuna ne a bayan kowace ambulan, da tawada shuɗiya, tsaf, domin ni mace ce mai tsari, kowa ya shaida. Kwana tara muka yi muna shigar da lambobin cikin kwamfuta, ni ina karantowa tana bugawa. Ambulan dubu biyu da ɗari da goma sha huɗu. A rana ta tara ta juyo mini da fuskar kwamfutar.

Da sun watse barkatai, da na samu sauƙi. Da sai in ce shara ce na share. Ba su watse ba. Sun jeru sun yi layi nasu na kansu, ƙasa da na Malam, mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Kuma kusan dukansu daga ɓangare ɗaya na yanko su, gefen fallen da yake fara bushewa. Wato robar nan hali biyu gare ta. Malam ya gano ɗaya. Ɗayan yana ƙarƙashin famfo tun kafin a yaye 'yarmu.

Ba zan ce ba a koya mini ba. Tsohon da ya horar da mu a ɗakin gwaji yakan ce marar kyau ba ya shiga littafi, kuma gaskiyarsa, idan ka ga aibin da idonka. Sai dai na san ranar da na fara, kuma ba tsohon ba ne ya sa ni. Shekararmu ta farko da aure na kai wa Malam awo goma sha takwas, shida ba su bi layinsa ba. Kwana huɗu ya yi a gaban allo. Ya rubuta, ya goge, rigarsa ta yi fari fat. Abinci in na ajiye haka zan ɗauke. Ina kallon ƙashin wuyansa yana fitowa, ni kuwa 'yar shekara ashirin da bakwai, ban san haka masu lissafi suke jin daɗinsu ba. Na ɗauka azaba yake sha. A rana ta biyar na tsaya a bakin ƙofa na ce na sake dubawa, akwai kumfa a cikinsu. A cikin ɗaya akwai. Ya juyo ya dube ni, ya tuntsire da dariya, ya ce ashe kumfa ce ta hana shi barci. Ya cinye faranti biyu. Daga ranar ban sake kai masa abin da zai hana shi cin abinci ba, kuma a hankali na manta cewa zaɓi nake yi. Ido ya saba, yatsu suka saba, mutane suka ce hannu ne.

Dakta ta ce ba za ta sa sunanta a takardar da aka shirya ba, amma kuma ba za ta yi magana da kowa ba kafin ni. Na je wurin shugaban sashe. Ya rufe ƙofa, ya rage murya, ya ce Mama kowa yana ware marasa kyau, wa ya isa ya ce bai taɓa ba. Ya ce saura mako uku taro, an buga katin gayyata, an riga an sassaƙa allon suna. A bari a yi, daga baya a fitar da gyara a hankali. Mutumin nan ba shi da lafiya, in ji shi, me za a ƙara masa. Na kira 'yarmu a waya, ita ma waƙar ke nan, har da kuka. Ta ce Mama don Allah kada ki ƙarasa mana uba, ki bar shi ya ga ranarsa.

Kowa ya yarda cewa marar lafiya ana ɓoye masa abin da zai ɓata masa rai. Na zauna a mota a bakin sashe ina juya maganar, na ga ba sabuwa ba ce a wurina. Abin da na yi masa ke nan shekara talatin da ɗaya, yana da ƙoshin lafiyarsa. Yanzu kuma ana so in ɗauke shi a keken guragu in kai shi gaban jama'a ya zauna ana tafi, mutum huɗu a ɗakin sun sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Na koma ciki na ɗauko gwangwani ɗaya da takardar da Dakta ta buga.

Yana baranda, rana ta yi sanyi. Mai aikinmu ta sa masa riga mai maɓalli ta kuskure rami ɗaya, wuyan ya karkace. Ya ga gwangwanin, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Mai Reza. Biskit?"

Na ce ba biskit ba ne. Na jawo kujera kusa da hannunsa na hagu, na ɗora masa takardar a cinya. Na faɗa masa komai, tun daga injin har gaisuwa har kabad ɗin famfo. Ban yi kuka ba, domin in na fara zai koma lallashina maganar ta ɓace. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Takardar yake kallo.

"Nawa?"

"Ɗaya cikin uku."

"Tun... yaushe?"

"Tun shidan farko."

Na zaci bai tuna ba. Wani yaro ya wuce a titi yana kaɗa ƙararrawar keke.

"Kumfa," ya ce.

"A cikin ɗaya ne kawai."

Ya gyaɗa kai. Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagi, ko da yake bai taɓa zagina ba. Abin da ban shirya wa ba shi ne ya ɗora ɗan yatsansa na hagu a kan layi na biyun, ya bi shi a hankali tun daga tushe har inda ya lanƙwasa, ya dawo ya sake bi. Fuskarsa ta buɗe. Rabon da in ga idonsa haka tun kafin ciwon, kai, tun da daɗewa kafin ciwon. Ya tambayi daga wane ɓangare suke. Na ce gefen da ke fara bushewa. Ya lumshe ido ya ce tabbas, tabbas, ƙananan zaruruwan da ke cikin robar a can sun kwanta ta gefe guda. Ya ce lanƙwasar nan kyakkyawa ce. Sau biyu ya faɗa.

"Fensir."

Na shiga na ɗauko fensir da littafi. Ya miƙa hannun hagu, ya riƙe, fensirin ya zame ya faɗi ƙasa. Ya ce in rubuta. Layi na farko ya zo masa tiryan-tiryan, domin tsohon layinsa ne. Na biyu ya zo da tsayawa, ya ƙara wata alama sabuwa, ya ce in bar mata fili. A na uku ya ce kauri, ya girgiza kai, ya ce a'a, ba kauri ba, ɗayan. Na ce haske? A'a. Sinadari? Ya bugi hannun kujera. Na ga abin yana nan a bayan idonsa, yana ganinsa, amma ya rasa ƙofar da zai fito da shi. Ya koma layi na biyu ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce in sake. Kafin in kai ƙarshe farkon ya kuɓuce masa. Haka muka yi ta yi har inuwar katanga ta haye ƙafafunmu, gumi ya jiƙe masa goshi.

"Goge," ya ce.

Ban goge ba. Na riƙe fensirin ina jira.

"Da kin kawo," ya ce. Kalma ɗaya-ɗaya take fitowa, yana hutawa a tsakani. "Kwana huɗu kawai kika ba ni. Lokacin kaina yana aiki. Da na gyara."

Na ce na ga ba ka cin abinci.

"Da na ci... daga baya."

Na zauna da littafi a cinya kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa, tsohuwa da furfura.

Can ya nisa, ya ce a ba Dakta gwangwanayen duka bakwai, da layi biyu da rabin da na rubuta, ko za su yi mata amfani. Sunanta ne zai zo farko a takardar. Na tambaye shi taron fa. Ya ce a fasa, in kuma shugaban sashe ya ƙi, to a yi babu shi. Sannan ya ce yana so ya shiga ciki. Na miƙe na kawo kafaɗata yadda muka saba, ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa. Taku goma sha biyu ne daga baranda zuwa ɗaki. Ina biye da shi a baya, hannuwana a buɗe, bai jingina ba.

An fasa taron. Shugaban sashe ya ce wa mutane jikin Malam ne ya motsa. 'Yarmu ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata. Dakta tana zuwa gidan ranar Laraba da rana, ta zauna a kujerar da ke hagunsa da kwamfutarta, ta yi ta bayani yana saurare. Wani lokaci ya ɗaga yatsa ya ce a'a, ta koma baya ta duba, ta tarar da gaskiyarsa, ko da yake ba ya iya faɗin dalili. Ranakun nan yakan ci abinci sosai. Ni nakan kawo musu shayi in koma ciki, ba wanda ya ce in tafi, ba kuma wanda ya ce in zauna.

Bai sake tayar da maganar ba, bai ɗaure mini fuska ba. Ni nake yi masa wanka, ni nake yanke masa farce, ni nake ƙirga masa ƙwayoyin magani safe da yamma. Shekara talatin da biyu muna tare, mutumin nan bai taɓa gode mini don na ba shi ruwa ba, sai dai ya karɓa yana karatu ko ya ce ya yi sanyi da yawa. Yanzu duk abin da na miƙa masa sai ya ɗago ya dube ni, ya tattaro kalmomin da ƙyar, ya ce na gode. Jiya na gyara masa matashin kai, ya ce na gode ƙwarai.